Daga Gafaka zuwa Rumbun Intanet: Yadda Takarda ta yi Tafiya a Ƙasar Magariya da Dungas

Hanyar da ta taso daga birnin Damagaram ta nufi kudu, ta ratsa Bande da Magariya har ta kai Tinkim a bakin iyakar Najeriya, tsohuwar hanya ce ƙwarai. Fatake sun bi ta da jakunansu zuwa Daura da Kano, manzannin sarakuna sun bi ta bisa dawakai, daga baya kuma manyan motocin gyaɗa suka gaje ta. A shekarar 2016 Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince da ba da kuɗin shimfiɗa wayar gilashi mai ɗaukar saƙonnin intanet a Nijar, aikin da ya kai tsawon kilomita 1031, kuma ɗaya daga cikin rassansa biyar an tsara shi ne ya bi wannan hanya, daga Damagaram zuwa Magariya zuwa iyaka. Wato dai inda ɗan aike ya taɓa wucewa da wasiƙa ɗaure a ƙugu, nan aka zaɓa a binne igiyar da za ta ɗauki takardun jikokinsa.

Gundumar Magariya da ta Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011, suna cikin yankunan da suka fi cunkoson jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 570,000 a ta farko, da fiye da 350,000 a ta biyu. Ƙasa ce ta ƙauyuka masu kusa da juna, da makarantun allo da na boko, da kasuwanni masu ci mako-mako, da dangi da suka rabu tsakanin ƙasashe biyu. Duk inda aka sami irin wannan taro, to akwai takardun da dole su tashi daga wani hannu su je wani. Idan aka bi diddigin yadda suke tashi tun daga ƙarni na 19, za a ga cewa sauri ya yi ta ƙaruwa daga zamani zuwa zamani, amma abu ɗaya bai sauya ba sai a ƴan shekarun nan: aika takarda yana nufin ko dai mai ita ya rabu da ita, ko kuwa ya haifi wata ƴar'uwarta wadda za ta ci gaba da rayuwarta daban.

Zamanin gafaka

Sarautar Magariya ana danganta kafuwarta da Masallaci, ɗan gidan sarautar Daura, bayan jihadi ya tarwatsa wannan gida a farkon ƙarni na 19. Dungas da Waca kuwa suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki. Dukansu sun shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimu, ita kuma Damagaram tana da nata igiyar da ta ɗaure ta da Borno. Irin wannan zama na ubangida da bara ba ya yiwuwa sai da saƙo: a sanar da naɗi, a nemi gudummawar yaƙi, a aika da gaisuwa da haraji, a yi ƙarar barayin shanu da suka tsallaka wata ƙasa. Malamin fada shi ke rubuta wasiƙa da Larabci, a buga mata hatimi, a danƙa wa manzo. Amma takardar rabin saƙon ce kawai. Sauran rabin yana bakin manzo, domin akwai maganar da sarki ba ya son ta zauna a rubuce, kuma wanda aka aika wa yakan auna gaskiyar takarda da girman wanda ya kawo ta.

Littattafan malamai sun fi wasiƙun sarakuna ban sha'awa a wannan fage. Takarda a lokacin kaya ce mai tsada, wadda ayari ke kawowa daga Tarabulus ta hamada, kuma mafi shahararta ita ce ta ƙasar Italiya mai alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta. Ba a ɗinke littafi. Ana barin warƙoƙinsa a sake, a haɗa su tsakanin bangaye biyu na fata, a ɗaure da igiya, a sa cikin gafaka. Domin kada warƙoƙin su rikice, marubuci yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan shafin da ya gama. Wannan dabara tana da amfani babba: malami yana iya raba littafi ɗaya ga almajirai biyar, kowa ya ɗauki nasa rabo ya kwafa. Tana kuma da hatsarinta, don warƙa ɗaya da ta salwanta a hannun mai aro ta isa ta bar littafi da giɓi har abada.

Almajirin da ke Dungas wanda ya ji labarin wani littafi a Kano ko Katsina, hanya biyu gare shi. Ko ya tafi can ya zauna ya kwafa da hannunsa, wata da watanni, ko ya sami wanda ya yarda ya ba shi aro, ya kuwa san cewa mai littafi ya zauna babu littafinsa har ranar da aka mayar. Shi ya sa aron littafi ya zama abin da ake auna amana da shi. Kowane kwafi kuma yana zuwa da nasa kurakurai. Mai kwafa ya tsallake layi, na bayansa ya gaji tsallaken, na uku ya lura ya yi gyara a gefen shafi, gyaran nasa ma wani lokaci kuskure ne. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce sun san wannan wahala sarai, domin a yau sukan tara kwafi goma na waƙa ɗaya ta ajami su tarar babu biyu da suka yi daidai.

Game da nisa kuwa, labarin Bajamushe Heinrich Barth ya isa misali. Ya sauka a Damagaram a ƙarshen Disamba 1852, ya zauna fiye da wata guda yana jiran kuɗi da saƙonni daga arewa kafin ya nufi Katsina da Sakkwato. Wasiƙunsa sukan yi watanni a hanya, har ta kai a 1854 aka baza labarin mutuwarsa a Turai alhali yana raye.

Takarda ta koma hawa sama

Faransawa sun ci Damagaram a 1899. Bayan yarjejeniyoyin da suka ƙulla da Ingilishi a 1904 da 1906, ayarin Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ya bi ƙasar daga 1906 zuwa 1908 yana kafa alamun iyaka, ya raba Magariya da Daura, ya raba Dungas da Maigatari da Gumel. Birnin Damagaram ya zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Da zuwan bariki, takarda ta sami sabon hali. An kawo gidan waya da tangarahu, an sa masu ɗaukar jakar wasiƙu a ƙafa da bisa doki ko raƙumi, sau da yawa cikin aikin tilas wanda ba a soke shi ba sai 1946. Harshen takardar Faransanci ne, tafinta ne ke tsaye tsakaninta da talaka. Abin da ya fi muhimmanci ga tarihinmu shi ne inda take dosa. Kwamanda ya ƙirga mutane da dabbobi, ya tambayi dattawa asalin sarautarsu, ya rubuta rahoto, rahoton ya hau zuwa Damagaram, daga can Yamai, daga can Dakar, wani har Faransa. Ba ya dawowa. Ayarin Tilho ya tattara tarihin sarautun wannan yanki daga bakin mutanen wurin, aka buga shi a Paris tsakanin 1910 da 1914, amma jikokin waɗanda suka ba da labarin sun yi shekaru da yawa ba su taɓa ganin bangon littafin ba. Wanda yake son karanta abin da aka rubuta game da garinsu sai ya nemi kuɗin zuwa Yamai, ko Dakar, ko Aix-en-Provence.

Talakawa dai ba su jira gidan waya ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar Magariya ta riƙa gangarawa can, wasiƙun ajami na ƴan kasuwa da na ƴan ci-rani suka riƙa bin buhunan gyaɗar a aljihun madugai, daga baya a aljihun direbobi.

Direba, kabon da kaset

Bayan samun mulkin kai a 1960, wanda ya fi kowa mu'amala da takarda a ƙauye shi ne malamin makaranta. Shi ke cika rajistar yara, ya rubuta rahoton buɗe makaranta da na ƙarshen shekara, ya tsara jerin sunayen masu jarrabawa, ya kai wa sufeto. Idan makarantarsa tana can wajen Malawa ko Dogo-Dogo ko Guci, sai ya jira ranar kasuwa ya sami mota, ko ya ba wani amintacce, ko ya rufe aji ya tafi da kansa. Da damina, inda hanya ta yanke, takarda takan kwana biyu a jakar mai amalanke. A ofis kuma sakatare ya sake buga sunayen a keken rubutu da takardar kabon, a aika gaba, a can ma a sake bugawa. A kowane zango ana iya mayar da Hasana ta koma Husaina, ko a sauya shekarar haihuwa, kuma sau da yawa ba a gane ɓarnar sai ranar da yaro ya zo karɓar takardar shaidarsa. Cutar da ta addabi masu kwafar littattafan ajami ita ce dai ta biyo malamin boko, sai dai ta sauya riga.

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara koyar da yara da Hausa kafin Faransanci. Malaman irin waɗannan makarantu, da na yaƙi da jahilci, sun sha fama da ƙarancin littattafai. Abin da wani ya wallafa a ajinsa, tatsuniya ce ko darasin lissafi, sai a gurza shi a inji a raba, idan tawada ta ƙare a koma allo. Darasi mai kyau yakan mutu a makarantar da aka haife shi, don babu hanyar da zai bi ya kai ga malamin da ke nesa da kilomita 40.

Ga wanda bai iya rubutu ba, kaset ya zama wasiƙa. Ɗan ci-rani a Legas ko Libiya ya zauna gaban rikoda ya gaida kowa da sunansa, ya faɗi abin da ya aiko da yadda za a raba shi, a ba direba ya kawo, iyali su taru su saurara, sannan a juya kaset ɗin a ɗauki amsa a kansa. Wannan juyawa kuwa ita ce ta cinye muryoyin mutane da yawa, domin amsa takan hau kan saƙon farko ta shafe shi. Ƙungiyoyin samariya da suka riƙa shiga bikin matasa na ƙasa, wanda aka fara a 1976, su ma a kaset aka ɗauki yawancin waƙoƙinsu da wasanninsu, kaset ɗaya tak a wurin shugaba ko a gidan rediyo. Zafi da ƙura da gara sun yi aikinsu.

Akwai wani ɗan labari da ya nuna ƙarfin wasiƙa da rauninta a lokaci guda. Ba'amurke William Miles ya koyar a Magariya daga 1977 zuwa 1979, ya dawo ya yi bincike a Yekuwa ta Nijar da Ƴardaje ta Najeriya, ya wallafa littafinsa Hausaland Divided a 1994. Bayan shekaru wasiƙa ta iske shi a Amurka cewa rigimar gado ta taso a kan dokin da ya bari amana. Wasiƙa ta iya kai masa labari, amma ba ta iya raba gardama ba. A shekarar 2000 sai da ya hau jirgi shi da ɗansa suka zo da ƙafarsu.

Kile da ƙwayoyin cutarsa

Intanet ta shigo Nijar a tsakiyar shekarun 1990 ta hannun kamfanin Sonitel, amma ta daɗe tana Yamai da manyan birane. Abin da ya fara isa gundumomi shi ne kwamfuta ita kaɗai, a ofishin hukuma ko na wata ƙungiyar agaji, ba tare da an haɗa ta da komai ba. Fayil, wato takarda ko hoto ko murya da aka adana cikin na'ura, sai a zuba shi a disket mai ɗaukar megabait 1.44, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Daga shekarar 2000 ƴar sandar ajiya ta fito, wadda a Nijar ake kira kile, a hayin Najeriya kuma filas. Ta ɗauki kaya mai yawa, ta shiga aljihu, amma a gaskiya direban nan ne dai ke ɗauke da ita. An sauya gafaka da roba, tafiyar tana nan.

Kile ya zo da nasa masifu. Yana shiga kwamfutar gidan hotokofi ya kwaso ƙwayar cuta, ya kai ta ofishin sufeto, daga nan ta bazu. Akwai wadda takan ɓoye dukan fayilolin da ke ciki ta bar inuwarsu kawai. Ga kuma ruɗanin kwafi. Jerin sunaye ɗaya yana kwamfutar darakta, yana kilen sakatare, yana wurin sufeto, kowa ya yi gyara a nasa, a ƙarshe babu mai iya rantsuwa kan wanne ne na gaskiya.

Marubutan Hausa suna da tasu wahalar ta daban, wadda ya kamata a tuna da ita. Baƙaƙe masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin tsofaffin haruffan kwamfuta. Kowace ma'aikata takan yi nata dabarar, ta ƙera haruffa na musamman ta ɗora su a gurbin wasu alamomi. Matuƙar takarda tana kwamfutar da aka buga ta, lafiya lau. Da zarar an kai ta wata wadda ba ta da waɗannan haruffa, sai ƙugiyoyin su koma akwatuna da alamomin banza, ƙasa ta koma abin da ba ya karantuwa. Gwamnatin Nijar ta daidaita ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, amma ƙa'ida ba ta iya bin kile zuwa madaba'a. Sai da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane baƙi lambarsa ta dindindin a duniya, ya zama ruwan dare a shafukan intanet da wayoyi, sannan wannan ciwo ya lafa.

Wayar salula kuwa ta fara aiki a Nijar a 2001, ta bazu a hankali zuwa kasuwannin karkara. Binciken da Jenny Aker ta yi a kan kasuwannin hatsi ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Da wayoyi masu katin ajiya suka yawaita, sai ga sabuwar sana'a a tashoshin mota da bakin kasuwa: masu tura waƙoƙi da finafinan Kano da wa'azi daga kwamfuta zuwa kati, matasa kuma suna tura wa juna ta Bluetooth. Wannan ya yaɗa al'adu fiye da yadda kaset ya taɓa yi, amma sharaɗinsa shi ne mutum biyu su tsaya kusa da juna.

Rumbu ɗaya, ƙofofi da yawa

Masu ilimin kwamfuta sun fara aika fayil daga na'ura zuwa na'ura tun 1971, da wata hanya da ake kira FTP, wadda ke buƙatar manhaja ta musamman da ɗan ƙwarewa. Wasiƙar imel ta sauƙaƙa abin, sai dai tana da iyaka, Gmail alal misali ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25 a maƙale, kuma ita ma kwafi take haifarwa: wanda ya aika wa mutum goma, ya haifi takarda goma. Canji na ainihi ya zo ne da ma'ajiyoyin da ake buɗewa ta shafin intanet. Google Docs ya fito a 2006, Dropbox a 2008, Google Drive a 2012. Abin dariya, wanda ya ƙirƙiro Dropbox, Drew Houston, ya ce tunanin ya zo masa ne a cikin motar safa daga Boston zuwa New York, da ya tarar ya manta kilensa a gida. Ashe ba malamin Guci kaɗai ne abin ke ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya san rumbun tsimi na gari. Ana ɗora fayil sau ɗaya a manyan na'urorin kamfani, a sami adireshinsa, wanda ake kira mahaɗi. Mahaɗin ake aikawa, ƴan haruffa kaɗan da ko saƙon waya zai iya ɗauka. Takardar tana zaune wuri ɗaya, mutane ne ke zuwa wurinta. A karo na farko a tarihin da aka bi a sama, mai littafi yana iya ba da aro ga mutum ɗari ba tare da littafin ya bar hannunsa ba, kuma ba tare da an sami kwafi ɗari masu saɓa wa juna ba.

Daga wannan tushe sauran fa'idodin suke tsirowa. Idan darakta ya ga an rubuta sunan yarinya ba daidai ba, ya gyara a wuri ɗaya, duk wanda ya buɗe bayan haka gyararren zai gani. Mai takarda shi ke yanke wa kowa matsayinsa, wannan ya karanta kawai, wancan ya yi sharhi a gefe, wancan kuma ya taɓa rubutun. Idan amana ta lalace sai ya janye izni, abin da malamin dā ba ya iya yi bayan gafaka ta fita ƙofar zaure. Na'urar tana riƙe da tarihin gyare-gyare, wa ya sauya me, a wace rana, kuma ana iya komawa ga siffar jiya idan ta yau ta ɓaci. Malamai uku, ɗaya a Waca, ɗaya a Sasumburum, ɗaya a Kwaya, suna iya haɗa ƙamus na kalmomin lissafi ko tarin karin magana a shafi guda, kowa daga inda yake. Wayar da ta faɗa rijiya ko aka sace a kasuwa ba ta tafiya da aikin shekara. Sannan ma'ajiyar kyauta ta Google, gigabait 15, ta isa ta ɗauki muryar kaset ɗari da ƴan kai idan an matse su.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan fa'ida a aikace. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A Maris 2020 aka rufe makarantun Nijar saboda annobar korona, ba a koma ba sai Yuni. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyaka ta sake rufuwa har zuwa Maris 2024. A duk waɗannan lokuta direban da ke kai takarda Kano ko Daura ya tsaya, amma ɗalibin Magariya da ke karatu a hayi, da malamin da ke neman littafi daga abokinsa na Katsina, mahaɗi ya ci gaba da tsallaka musu iyakar da Tilho ya shata.

Takardun da suka hau sama ma sun fara saukowa. Ɗakunan karatu na Turai da Amurka sun ɗauki hoton tsofaffin littattafai masu yawa sun ɗora a intanet, ciki har da kundin ayarin Tilho da littafin tafiye-tafiyen Barth. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, wanda a dā sai a manyan ɗakunan karatu ake ganinsa, shi ma ana bincika shi ta waya. Malamin tarihi a Dungas yana iya buɗe abin da aka rubuta game da Sosebaki shekara fiye da ɗari da suka wuce, ya kai wa dattawan fada, su faɗa masa inda tafinta ya karkatar da magana.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware. Mafi yawan mutanen yankin ta WhatsApp suka san tura fayil, kuma ba shakka ya yi amfani: saƙon murya, wanda ya fito a 2013, ya gaji wasiƙar kaset kai tsaye, tura takardu kuma ya biyo baya a 2016. To amma WhatsApp manzo ne, ba rumbu ba. Yana kai saƙo ya bar shi a wayar wanda aka aika wa, kowa da nasa kwafi, kamar dai zamanin kile. Idan waya ta cika aka share, ko ta lalace ba a yi ajiya ba, shi ke nan. Bugu da ƙari yana rage ingancin hoto idan ba a tura shi a matsayin takarda ba, kuma ga shafin ajami wannan ba ƙaramar asara ba ce, don ɗigon da ke bambanta wasali da wasali shi ne ke fara dushewa. Ƙungiyar da ta ɗauka cewa ta adana tarihinta saboda ta tura shi a zauren WhatsApp, ta yi shuka ne a kan hanya.

Rumbun wani

Duk da haka, rumbun nan ba a gidan mai hatsi yake ba. Yana wata ƙasa, a hannun kamfanin da ke da ikon sauya sharuɗɗansa, kuma hanyar zuwa gare shi tana buƙatar rezo da kuɗin data da wutar cajin waya, abubuwa uku da ba kowane ƙauye ke da su a rana ɗaya ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an katse intanet ta wayar hannu a Nijar har kusan kwana 10. A Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. A irin waɗannan ranaku mai kile a aljihu ya fi mai mahaɗi. A waje kuma, lokacin da hukumomin Amurka suka rufe ma'ajiyar Megaupload a Janairu 2012, mutane da yawa da ba su aikata laifin komai ba sun wayi gari babu fayilolinsu.

Akwai kuma hatsarin da ya fi waɗannan kusa. Sau da yawa wani ne ke buɗe wa mutum asusun, mai gyaran waya ko wani ƙane, kalmar sirri kuma ba a rubuta ta ko'ina ba; layin waya ya ɓace, rumbu ya kulle da hatsin a ciki. Idan asusun ƙungiya yana kan sunan sakatare shi kaɗai, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ko aka sami saɓani, tarihin ƙungiyar ya bi shi. Mahaɗin da aka bar shi a buɗe ga kowa kuwa yana iya yawo inda ba a nufa ba, alhali jerin sunayen yara da ranakun haihuwarsu amana ce. Haka nan ba kowace warƙa ta gafaka ce mai ita zai yarda duniya ta gani ba; akwai asirai na gida da ake gada daga uba zuwa ɗa, kuma neman izni kafin ɗaukar hoto wajibi ne. Ma'aikatun adana tarihi kan bi ƙa'idar ajiye kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa. Ga ƙungiyar al'adu ta gunduma wannan yana nufin ma'ajiyar intanet, da kile ko faifan ajiya a akwatin ƙungiya, da ainihin takardar a wurin mai ita.

A Yamai, cibiyar IRSH tana riƙe da tsofaffin rubuce-rubuce kusan 4000, tarin da Bubu Hama ya fara, cibiyar CELHTO kuma tana tattara tarihin baka tun 1968. Abin da ke Magariya da Dungas kuwa yawancinsa yana gidajen mutane: gafakar kaka a rataye a ɗaki, littafin darasin malamin makarantar gwaji da ya yi ritaya, kaset ɗin samariya a ƙasan adaka. Ma'ajiyar intanet ba ta ɗaukar ko ɗaya daga cikinsu sai wani ya zauna ya buɗe warƙoƙin ɗaya bayan ɗaya a gaban kyamara, ya rubuta sunan littafi da na mai shi da garinsu. Kaset mai minti 90 kuwa sai an saurare shi minti 90 cif kafin muryar da ke ciki ta koma fayil, kuma sai an fara samo rikodar da har yanzu take juyawa.